HAYAƘIN SALANSA A MUBI: KAFIN MU YI TA ƘORAFI, MU FARA AUNAWA

'Yan uwana ɗalibai, na ADSU, na Poli, na Kwalejin Lafiya, da duk wanda karatu ya kawo shi garin Mubi. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi shi har ƙarshe, musamman 'yan ajin ƙarshe da ke ta yawon neman taken furojet.

Tambaya ɗaya zan fara da ita. Kowannenmu ya san kuɗin keke daga Lokuwa zuwa cikin kasuwa. Kowa ya san farashin litar fetur a gidan mai da farashinta a wajen 'yan bumburutu. Mun san mudun shinkafa, mun san kuɗin data. To wa zai iya faɗa mana yawan benzin da ke cikin iskar da muke shaƙa a bakin get ƙarfe takwas na safe? Babban mutum yana shaƙar iska sama da lita dubu goma a kowace rana. Ruwan da muke sha bai wuce lita biyu zuwa uku ba, amma a kan ruwan muke rigima da mai fiya wata idan muka ga ɗan datti a leda. Ita iskar, da ta fi shiga jikinmu, mun bar ta kara zube.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: auna gubar da ke fita daga salansar keke da mota da janareto a garin nan aikinmu ne mu ɗaliban Mubi, kuma aiki ne da za mu iya. Bari in kawo hujjojina.

MENE NE A CIKIN HAYAƘIN?

Idan aka ce hayaƙin mota, yawancinmu baƙin nan da ke turnuƙewa bayan tirela muke tunawa. Wannan kam ido yana gani. Wanda nake magana a kai wani dangi ne na sinadarai da masana kemistiri suka laƙaba wa suna "masu ƙamshi", saboda na farkon da aka fara sani a cikinsu suna da wani ɗan ƙamshi mai daɗi. Wannan ƙamshin fetur da wasunmu ke cewa yana burge su idan an shiga gidan mai, har da su a ciki.

Kashi biyu ne. Na farko masu saurin tashi cikin iska, su huɗu da ake haɗawa a kira BTEX: benzin, toluwin, etilbenzin da zailin. Suna cikin fetur ɗin kansa, kuma duk man da injin bai ƙone shi sarai ba, ta salansa suke fitowa. Babbansu benzin ne, wanda Michael Faraday ya fara ware shi a Landan a 1825. 'Yan kemistiri sun san shi, zoben nan mai kusurwa shida da Kekulé ya zana a 1865, wanda muke ta haddacewa don jarrabawa.

Na biyu su ne waɗanda zobensu ya haɗu biyu, uku, huɗu, biyar, ana kiransu PAH. Su a lokacin ƙonewa ake haifar da su, idan wuta ba ta samu isasshiyar iska ba. Masu nauyin cikinsu suna maƙalewa a jikin ƙurar baƙin hayaƙi, su bi ta har can ƙasan huhu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ware guda 16 a cikinsu da ta ce su za a fi sa wa ido. Wanda ya fi ƙaurin suna shi ne benzo-a-pairin.

Ba yau aka san sharrinsu ba. Tun 1775 wani likitan tiyata a Ingila, Percivall Pott, ya lura cewa masu sharar bututun hayaƙin gidaje, waɗanda ake sakawa aikin tun suna yara, suna yawan kamuwa da wata irin kansa a marainansu. Bai san sunan sinadarin ba, amma ya gane cewa baƙin tokar ce. Sai a 1933 aka ciro benzo-a-pairin daga kwaltar gawayin ƙasa, aka tabbatar yana haddasa kansa. Yau cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wato IARC, ta sa benzin da benzo-a-pairin a rukuni na ɗaya, rukunin da babu sauran tantama cewa yana jawo kansa ga ɗan Adam. A watan Yunin 2012 ta ƙara hayaƙin dizal gaba ɗayansa a wannan rukunin.

Shi benzin ɓargo yake bi, inda jiki ke ƙera jini. Shaƙarsa shekara da shekaru na iya rage ƙwayoyin jini, kuma yana da alaƙa tabbatacciya da kansar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinsa da za a ce lafiya lau ne a shaƙa. A lissafinta, idan mutane suka yi rayuwarsu gaba ɗaya cikin iskar da ke da maikirogiram 17 na benzin a kowace mita kubik, ana sa ran ƙarin mutum ɗaya cikin dubu goma zai kamu da kansar jini saboda shi. Idan 1.7 ne, mutum ɗaya cikin dubu ɗari. Tarayyar Turai ta daɗe da sa iyakar maikirogiram 5 a matsakaicin shekara.

Ga inda gizo ke saƙar. Benzin ba shi da launi. Kuma hancin mutum ba ya fara jin ƙamshinsa sai ya kai wajen ninki dubu na waccan iyakar ta Turai. Ma'ana, za ka iya tsayawa a tasha, iska ta yi maka wasai, ba ka jin warin komai, alhali lambar ta wuce iyaka nesa ba kusa ba. Hanci ba zai gaya maka ba, ido ba zai gaya maka ba. Sai na'ura.

ME YA SA MUBI?

Wani zai ce ai wannan matsalar Legas ce ko Kano, ina Mubi ina gurɓatar iska? Ku duba garin da kyau.

Mubi garin kasuwanci ne a bakin iyakar Kamaru. Ranar kasuwar shanu manyan motoci suna cika Tike, suna jiran lodi zuwa Kudu, da yawa injinsu a kunne. Cikin gari kuwa keke ne ƙafar kowa. Shi keke ba shi da ƙofa, ba shi da gilashi, kuma kujerar fasinja ba ta da nisa da tsayin salansar wanda ke gabansa. Idan aka samu cunkoso, abin da keken gaba ya fitar shi na baya ke shaƙa kai tsaye. Injin da ke tsaye yana aiki, ko wanda aka tayar da sanyin safiya bai yi zafi ba, ya fi fitar da man da bai ƙone ba. To lokacin tafiyarmu lakca kenan.

Sai maganar motoci. Galibin motocin da ke kan titunanmu 'yan gwanjo ne da suka gama aiki a Turai ko Amurka. Ana ƙera su da wata na'ura a cikin salansa wadda ke ƙarasa ƙone gubar kafin ta fito, wadda makanikai ke kira indomi saboda cikinta ya yi kama da taliyar. Idan tana da lafiya kuma ta yi zafi, tana cinye mafi yawan irin waɗannan sinadarai. Amma akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, filatinom da faladiyom da rodiyom, shi ya sa ake cire ta a sayar, wani lokacin ma mai motar bai sani ba. Motar da aka cire wa indomi tana tafiya kamar kullum. Mu da ke bayanta ne muke biyan kuɗin.

Sai man kansa. Da can ana zuba dalma a fetur don ƙara masa ƙarfi. Da aka gane tana lalata ƙwaƙwalwar yara sai aka daina, ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka gama dainawa a farkon 2006. Abu ne mai kyau ƙwarai. Sai dai ɗaya daga cikin hanyoyin da matatun mai ke bi don mayar da wancan ƙarfin ita ce ƙara yawan sinadaran nan masu ƙamshi. Shi ya sa Turai ta taƙaita benzin a fetur zuwa kashi 1 cikin ɗari. Mu fa? A Satumbar 2016 wata ƙungiya a Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto bayan ta ɗebi mai a gidajen mai na ƙasashen Afirka takwas, ta nuna yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa wani mai na daban, mai yawan sulfa da benzin, wanda doka ba za ta bari su sayar a ƙasarsu ba, su turo shi Afirka. A tsakaninsu ma suna da sunan da suke kiransa, wai "ingancin Afirka". Kuma ba mu manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da gurɓataccen fetur mai yawan metanol daga Beljiyam, motoci suka yi ta lalacewa, layin mai ya dawo. Wancan an gane shi ne saboda ya kashe injin. Wanda ke cin ɓargon mutum a hankali, injin ba ya ƙorafi a kansa.

Ƙara da man da ake sayarwa a kwalba da galan a bakin titi, yana zaune cikin zafin Maris da Afrilu yana tururi. Ƙara da abin da ya biyo bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023: mai keke da kuɗin mai ya cinye masa riba, ta yaya zai riƙa yin sabis a kan lokaci? Juyen baƙin mai sai a ɗaga, fulogi sai ya mutu murus, kafireto a yi ta murɗa shi. Ƙara da janareton da ke kwana yana ruri a ƙofar ɗakunanmu a Wuro Patuji da Barama da sauran unguwannin ɗalibai lokacin jarrabawa. Sannan lokacin hunturu, da asuba da bayan magariba, iska mai sanyi tana kwanciya ƙasa ta riƙe hayaƙi, ba ta barin sa ya tashi sama. Duk wanda ya taɓa hango garin daga wajen tuddai da safe a watan Disamba ya ga wannan shimfiɗar da ke lulluɓe da shi.

Duk waɗannan dalilai ne na zargi. Zargi kuma ba hujja ba ne. Mai yiwuwa idan aka auna a ga lambar ba ta kai yadda muke tsoro ba, mu ce alhamdulillahi. Mai yiwuwa kuma a ga ta wuce. Ko wanne ne, gani ya kori ji.

YAYA AKE AUNAWA?

A nan nake son 'yan kimiyya su buɗe kunne. Akwai 'yar na'urar hannu da ake yawan gani a furojet na gurɓatar iska a ƙasar nan. A riƙe ta a bakin titi minti biyar, ta ba da lambar kabon monoksaid da sulfa dayoksaid, wata ma ta ba da jimillar duk sinadarai masu tashi a dunƙule. Tana da amfaninta. Amma ba ta iya bambanta benzin da sauran 'yan uwansa. Kamar ka auna buhu ne ka ce kilo hamsin, ba ka san nawa ne shinkafa nawa ne tsakuwa ba. Wanda ya rubuta "benzin" a babi na huɗu alhali da irin wannan ya yi aiki, ya rubuta abin da bai auna ba.

Hanyar gaskiya mataki biyu ce: a kama, sannan a tantance.

Kama BTEX a iskar titi bai buƙatar wutar NEPA ko batir. Akwai wani ɗan bututu da bai wuce tsawon yatsa ba, cikinsa gawayi ne na musamman mai tsotse sinadarai. Ana rataye shi a inuwa, a kan tsayin hancin mutum, wajen mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a bar shi mako ɗaya ko biyu. Iska da kanta take shiga, gawayin ya riƙe abin da ya riƙe. Sai a sauke, a toshe, a rubuta wuri da rana da sa'a, a ajiye a sanyi. Idan kuma daga bakin salansa ake so, ana zuƙo hayaƙin da ƙaramin famfo a cikin jaka ta musamman ko ta cikin bututun gawayi, a san lita nawa aka zuƙa.

Su PAH sun fi wahala kaɗan. Ana jan iska da famfo ta cikin takardar tacewa wadda ke kama ƙurar, a bayanta a sa soso na musamman da ke kama masu sauƙin da suka tsere. Sai a wanke su da sinadarin narkarwa, a tace, a rage ruwan.

Tantancewa kuma aikin na'urar GC ne, ko GC-MS idan an samu. Yadda take aiki ba wani sihiri ba ne. Ana tura samfurin cikin wani siririn bututu mai tsawon wajen mita talatin a naɗe cikin tanda. Kowane sinadari da saurin tafiyarsa, sai su fito ɗaya bayan ɗaya kamar 'yan tsere, benzin a gaba, toluwin na bin sa, sauran a baya. Na'urar ta rubuta lokacin fitowar kowanne da yawansa. Sai a gwada da samfurin da aka riga aka san ƙarfinsa.

Abubuwa uku ne ke raba aikin ƙwarai da aikin cika takarda. Na ɗaya, bututun shaida: a tafi da shi wurin a dawo da shi ba a buɗe ba, don a san ko gurɓatar daga hanya ko daga lab ta shiga. Na biyu, a rataya biyu a wuri ɗaya, a ga ko za su ba da amsa iri ɗaya. Na uku, a auna wuri mai nisa da titi, kamar wani ƙauye a bayan gari, don a samu abin kwatance. Wanda bai yi waɗannan ba, lambarsa ba za ta tsaya a gaban kowa ba.

Akwai ma wata dabara mai daɗi. Idan ka raba yawan toluwin da na benzin, amsar tana nuna maka inda gubar ta fito. Galibi idan toluwin ya ninka benzin wajen sau biyu ko fiye, to ababen hawa ne. Idan benzin ya fi yawa, a duba itacen girki da ƙona shara. Wato lambar ba ta tsaya ga faɗin yawa ba, har mai laifin take nunawa.

ABIN DA ZA A CE MINI

Na san abin da zai zo a kwament, bari in riga ku.

"Malam, muna fama da kuɗin makaranta da yunwa da tsaro, kai kana maganar iska." Gaskiya ne, kuma babu wanda zai koya wa ɗan Mubi ma'anar rashin tsaro. Garin da aka kashe ɗalibai a Wuro Patuji a Oktoban 2012, garin da Boko Haram ta mamaye a ƙarshen Oktoban 2014 har makarantu suka watse, ya san abin da ke kisa nan take. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Amma furojet ɗin nan dole ne za mu yi shi, da yunwa ko ba yunwa, kuma dole za mu kashe masa kuɗi. Tambayar ita ce, a kan me? A kan abin da za a ɗaure da baƙin bango a jibge a sito gara ta ci, ko a kan abin da zai amfani garin da ya riƙe mu shekara huɗu?

"Ba mu da kayan aiki." Na'urar GC-MS tana da tsada, ba musu. Amma ba a ce kowane ɗalibi ya saya ba. Shi bututun gawayi amfaninsa kenan: ana kamawa a Mubi, a tantance a duk inda na'urar take, a wata jami'a ko wani lab na kuɗi a cikin ƙasar nan. Ɗalibi ɗaya ba zai iya biyan samfuri talatin ba, amma ɗalibai goma da sufabaiza biyu za su iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma TETFund tana da kason kuɗin bincike da malamai ke nema ta hannun makarantunsu. Malami ya fi samun ƙarfin nema idan ya ga ɗalibai sun zo masa da tsari a rubuce.

Ku tuna da labarin Volkswagen. Wata 'yar ƙaramar tawaga ce a Jami'ar West Virginia a Amurka, har da ɗalibai a ciki, da kuɗin da bai kai dala dubu ɗari ba, suka ɗaura na'urar awo a bayan motocin dizal suka hau titi da su. Suka ga hayaƙin da ke fita a kan hanya ya ninka wanda ake gani a ɗakin gwaji sau da yawa. Rahotonsu ya fito a 2014, zuwa Satumbar 2015 kamfanin ya amsa cewa ya sa wa motoci kimanin miliyan 11 manhajar yaudara. Shugaban kamfanin ya sauka, aka biya tarar biliyoyin daloli. Wata iskar daban suka auna, ba benzin ba, amma darasin ɗaya ne: sun ƙi yarda da abin da ke rubuce a takarda, suka je bakin salansa da kansu.

A gida ma muna da misali. Mutanen Ogoni sun shekara da shekaru suna kuka a kan ruwansu. Da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta a Agustan 2011, ta ce ta samu benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale da ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya sama da sau 900, sai maganar ta sauya. Kuka ana iya cewa siyasa ce. Lamba kuwa sai dai a kawo wata lambar a ƙaryata ta.

"Za ku jawo a hana 'yan keke sana'a." Wannan ita ce ta fi damuna, kuma ita ta fi cancantar amsa. Mun san halin hukumomi a ƙasar nan, abin da ya fi musu sauƙi shi ne hanawa da kamawa da tara. Kuma da yawa cikin masu tuƙa keken nan 'yan uwanmu ne, wasu ma 'yan ajinmu ne da ke fita bayan lakca don haɗa kuɗin rajista. To amma wa ya fi shaƙar hayaƙin? Ni da nake hawa minti goma sha biyar, ko shi da ke wuni a kai daga safe har dare? Sai yaron da ke sayar da mai a kwalba, sai ma'aikaciyar gidan mai, sai makanike, sai mai faci, sai baiwar Allah da ke tuyar ƙosai a bakin titi da goyo a bayanta. Su ne na farko a layin cutar. Binciken da aka yi da su, ba a kansu ba, kariya ce gare su. Idan awo ya nuna cewa sabis na 'yan dubbai yana rage abin da keke ke fitarwa, kuma yana rage masa shan mai, to mai keke ne ya fara cin riba, domin duk man da ya fita ta salansa bai ƙone ba kuɗinsa ne ya bi iska. Idan kuma awo ya nuna matsalar daga man take, to ba shi da laifi sam, sai a juya wajen NMDPRA da ke da alhakin ingancin mai. Rashin lamba shi ke sa a kama na ƙasa a bar na sama.

"Ai itacen girki da ƙona bola sun fi mota hayaƙi." Zai iya yiwuwa, a wasu unguwannin ma kusan tabbas. To ai wannan ma awon ne zai raba gardama, kamar yadda na faɗa a sama.

GA SHAWARATA

Dokar tana nan. An kafa NESREA a 2007, kuma tun 2011 akwai ƙa'idojinta a kan hayaƙin injinan fetur da dizal. Abin da doka ke buƙata kafin ta yi aiki a gari irin namu shi ne wanda zai ajiye mata hujja a tebur. ADSU tana garin nan tun 2002, Poli kuwa tun farkon shekarun 1980. Garin da ke da manyan makarantu haka bai kamata ya jira baƙo daga Abuja ko Turai ya zo ya gaya masa abin da yake shaƙa ba.

A haɗa tawaga ɗaya daga sassa daban-daban, kowa ya ciri babinsa:

1. 'Yan kemistiri da SLT su rataya bututu a wurare shida zuwa takwas: bakin get na makarantu, babbar tasha, cikin kasuwa, Tike, wani gidan mai, wata unguwar ɗalibai mai yawan janareto, da wani wuri a bayan gari. Sau biyu, cikin hunturu da cikin damina.

2. 'Yan injiniya su ɗauki keke goma, da yardar masu su da ƙungiyarsu, a auna bakin salansa kafin sabis da bayan sabis. A gwada mota mai indomi da marar indomi.

3. A ɗebi fetur daga gidajen mai da kuma na kwalba, a duba kashi nawa ne benzin a ciki.

4. 'Yan jogirafi su zana taswira, 'yan lissafi su ƙirga ababen hawa a kowace sa'a su haɗa da sakamakon.

5. 'Yan Kwalejin Lafiya su zauna da direbobi da masu sayar da mai, su ji awa nawa suke yi a wurin da abin da ke damun su.

6. 'Yan aikin jarida su juya sakamakon zuwa Hausa da Fulfulde, da Gude da Fali in an samu masu iyawa, a kai rediyo, a kai tasha, a kai fada, a kai ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da ta Kudu.

Sannan sharaɗi mafi girma: 'yan shekara mai zuwa su maimaita a wurare guda, da hanya guda. Awon shekara ɗaya hoto ne kawai. Na shekara biyar shi ke nuna ko gaba muke yi ko baya.

Kuma don Allah, duk wanda ya shiga, kada ya ƙirƙiri lamba. Mun san ana yi. A zauna a ɗaki a cika tebur, ko a kwafo na wani gari a sauya suna. A irin wannan aikin lambar ƙarya ta fi rashin lamba sharri, domin ko dai ta tsorata mutane a banza, ko ta kwantar musu da hankali alhali suna cikin haɗari. Amana ce, kuma za a tambaye mu.

KAFIN SAKAMAKO YA FITO

Akwai abin da ba ya buƙatar jiran na'ura. Kada ka zuƙi fetur da baki ta tiyo. Kada ka wanke hannu da fetur bayan gyaran mashin ko janareto, benzin yana ratsa fata. Kada ka kwana da galan ɗin mai a ɗaki. Janareto a fitar da shi fili, nesa da taga, ba a baranda ko lungun ɗakuna ba. Shi wannan ma kafin benzin ya yi aikinsa na shekaru, kabon monoksaid yana iya gamawa da mutum a dare ɗaya. Ɗan uwa mai keke, idan jira zai yi tsawo ka kashe injin. Mai mota, ka sa ido a kan indominka idan ka kai gareji. Kuma takunkumin kyalle ko na asibiti yana ɗan rage ƙura, amma ba ya tare benzin, kada ya ruɗe mu.

Wanda ke ajin ƙarshe kuma bai tsayar da take ba, ga shi nan kyauta. Ka kai wa sufabaizanka gobe. Wanda ke da sha'awar shiga tawaga ya rubuta sashensa da matakinsa a kwament, mu ga ko za mu kai goma. Malamanmu da ke bibiyar shafin nan, muna neman jagorancinku, ku kuka san ƙofofin da za a ƙwanƙwasa. Wanda kuma yake ganin akwai gyara a tsarin, bismillah, fili a buɗe yake.

Allah Ya ba mu lafiya da ilimi mai amfani, Ya sa mu gama lafiya. Ku tura wa 'yan ajinku.